Baƙin Hayaƙin Gada

Litinin, ƙarfe goma na safe

Yau na ɗauko kwalin da zan yi gadar. Shekara da shekaru ina cewa gobe, yau dai na ɗauko.

Auta ce ta kawo min littafin nan, wai in riƙa rubutu maimakon in riƙa daka wa mutane tsawa. To bari in rubuta yadda abin yake. A ɗakin baya ina da tebur da ya cinye rabin ɗakin. A kansa akwai ɗan ƙaramin gari da na gina da hannuna tun ina aiki a ofishin ruwa: tasha, kasuwa, gidaje, layin dogo biyu, da jirgin ƙasa mai tafiya da lantarki wanda kansa bai fi tsawon tafin hannuna ba. Layin yana bi ta cikin wani kwari da na yanka, ya raba garin biyu. Titi ya taho daga kasuwa ya tsaya a bakin kwarin, wani ya taho daga gidaje ya tsaya a ɗaya bakin, tsakaninsu babu komai. Motocina suna jere a kowane ɓangare suna kallon juna. Matata takan ce mutanen garin nan nawa sun fi kowa haƙuri a duniya, wai direban bas ɗin nan tun Auta tana goye yake jiran hanya.

Na bar gadar ƙarshe ne don ina so ta fi komai kyau. Yanzu likita ya sa mana ranar aikin ido, makonni kaɗan suka rage, sai ga ni ina sauri a kan abin da ba a yi masa sauri.

Talata, wajen sha ɗaya

Masu irin wannan aikin muna da wata ɗabi'a. In ka gama abu, ba daga sama za ka tsaya kana kallonsa ba. Durƙusawa za ka yi, ka ɗora kunci a bakin tebur, ka rufe ido ɗaya, ka kalli garin daga tsayin mutanen cikinsa. A nan ne duk ƙarya take fitowa: bangon da ya karkace, ƙofar da ta fi mai gidan tsawo ninki biyu, fentin da ke sheƙi kamar sabon bokiti.

Ni tun farko na hagu nake rufewa. Wata safiya, watanni kaɗan da suka wuce, na durƙusa na rufe shi kamar kullum, sai tasha ta ɓace. Na buɗe, ta dawo. Na sake rufewa, ta ɓace. Na daɗe a durƙushe ina wannan wasan kamar yaro kafin in kira Maman Auta.

Na dama ya tafi, likita bai ɓoye min ba. Na hagun ne ake son a riƙe abin da ya rage. Yanzu in na ɗora kunci a tebur ba sai na rufe komai ba, an riga an rufe min.

Alhamis, bayan la'asar

Tela ya zo. Shi kaɗai ne abokina a wannan haukar, shi ma yana da nasa tebur a bayan shagonsa, amma nasa garin duk a tsaftace yake kamar ba a taɓa zama a ciki ba. Na sha gaya masa garin da babu datti ba gari ba ne.

Ya tarar ina gwada tsayi. Kafin a sa wa ginshiƙi gam dole a ɗauko taragon da ya fi kowane tsawo, a tura shi da yatsa ta ƙarƙashi, a kan kowane layi, gaba da baya. Wanda ya yi kasala a nan zai ji ƙas ranar da ya tara mutane.

"Injiniya," in ji shi, don haka yake kirana in yana son tsokana, "me ya sa ka karkata ta? Ka sa ta miƙe mana, ka huta."

"Ka taɓa ganin titin da ya nemi izinin layin dogo kafin ya zo? Titi daga inda ya fito yake zuwa. In a karkace ya zo, a karkace gada za ta tsaya."

"To faɗin fa? Ta yi yawa."

"Manyan motoci biyu su gifta juna, mai ƙafa kuma ya samu gefen da zai raɓe. Kai gadarka ko akuya biyu sai ɗaya ta ja da baya."

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ga ina lalube a kan rula da farce don in gano layin, dariyar ta tsaya. Ya ce in bari ya zana min bulon, shi idonsa ya saba da zare. Na ce ya je ya ji da wandunan mutane. Na faɗa da ƙarfin da bai kamata ba, ya sha shayinsa ya tafi da wuri.

Asabar

Hadari duk yini, ɗakin duhu. Ban taɓa komai ba.

Lahadi, tsakar rana

Rana ta fito. Daga hantsi zuwa azahar ne kawai hasken taga yake faɗowa a kan teburin yadda zan iya aiki, sauran yinin na banza ne.

Na fara bulo. Da bayan reza ake yi, a ja layi a jikin kwali ba tare da an huda ba, layi bayan layi, sannan a dawo a sassara na tsaye, kowane a tsakiyar na ƙasansa. Bulo ɗaya bai kai ƙwayar shinkafa ba. Da can ina yi ina jin rediyo. Yanzu sai na kashe shi, na sa gilashin ƙara girma, na kusa dangwala hanci a kwalin. In na gama jere sai in shafa da yatsa in ji ko sun fito. Sun fito. Yatsa bai taɓa yi min ƙarya ba.

Maman Auta ta shigo da maganin ɗigawa. Ta ce, "Malam, ɗaga kai." Na ce ta bari in gama jeren nan. Ta ce jeren ba zai gudu ba. Na so in ce mata ba jeren ne zai gudu ba, amma na ɗaga kai.

Talata, da yamma

Asibiti. Auta ta kai ni a motarta. Allon haruffan nan dai, na karanta na sama, na biyun na yi canke. Likita ya ce, "Baba, za mu yi iya ƙoƙarinmu." Na yi aiki da mutane da yawa a ofis, na san fuskar mai faɗin wannan maganar.

A hanyar dawowa na ce Auta ta tsaya a tsohuwar gadar nan ta kan layin dogo. Ta ce rana ta yi zafi, na ce ta tsaya. Muka sauka ta gefen tudun, tana riƙe da gwiwar hannuna, abin da na tsana. Ina so in ga baƙin hayaƙin da ke jikin gadar. Duk gadar da jirage suka daɗe suna bi ta ƙarƙashinta tana da shi, tabo biyu, kowane daidai saman layinsa. Shi ne ke nuna cewa gada ta yi aiki, ba jiya aka kawo ta daga kanti ba.

Na ɗaga kai na duba, na duba. Na ce, "An wanke ta ne?"

Auta ta ce, "A'a Baba, yana nan. Kaɗan ne, kamar inuwa."

Muka koma mota. Ta kunna rediyo, ta kashe, ta sake kunnawa.

Laraba

Ban yi barcin kirki ba, ban kuma yi aiki ba. Tsoro nake ji. Na rubuta shi nan don kada in faɗa wa kowa.

Juma'a, ƙarfe sha biyu

Akwai wani ɗan mutum da na ajiye tun tuni saboda gadar nan, mai farar riga, ya jingina da gwiwar hannu kamar mai leƙen wani abu a ƙasa. A jikin katangar gadar zai tsaya yana kallon jirgi. Yau na ɗauko shi da matsefata don in gwada tsayin katangar, ta kai masa ƙirji ko ba ta kai ba, sai ya suɓuce. Na ji faɗuwarsa, ban ga inda ya nufa ba.

Na yi rarrafe a ƙasan tebur ina shafa siminti har gwiwoyina suka yi tsami. Na ƙi kiran kowa. Da Maman Auta ta shigo da ruwa ta gan ni, ta sunkuya ta ɗauke shi daga gefen ɗan yatsana. Ta ce, "Ga mutuminka, ya ɗan fita shan iska ne."

Na ce wa ya aike ta. Haka na ce wa matar da ta tsinto min shi.

Litinin, bayan azahar

Yau dai alhamdu lillahi. Bulo ya ƙare, na yi masa fentin ja mai duhu, na goga fari-fari a cikin layukan yadda siminti zai fito. Titin da samfefa mai laushi na yi shi, takardar nan ta goge katako, na shafa masa toka-toka, don kwalta da ta sha rana ba baƙa ba ce. Na cike hawan kowane ɓangare har titin kasuwa da na gidaje suka haɗu. Na sa gam, na danne da kwalbar ruwa.

Tela ya zo, bai riƙe ni a zuci ba. Ya durƙusa da ƙyar, ya ɗora kunci a tebur, ya rufe ido ɗaya. Na kunna jirgi ya zagayo ya shige ƙarƙashi sumul. Tela ya daɗe bai tashi ba.

"Injiniya, wallahi ka gama da ni. Ji nake kamar in na yi kira a ƙarƙashinta za ta amsa."

"Saura hayaƙi."

"Ɗan kaɗan dai. Ka san hannunka."

Na san hannuna. Maman Auta ta leƙo ta tambaya ko direban bas zai iya wucewa yanzu, na ce sai an gama, ba a buɗe gada ana tsakiyar aiki. Mu uku muka yi dariya. Na manta rabon da a yi dariya a ɗakin nan.

Laraba, hantsi

Baƙin hayaƙi ba a shafa shi kamar fentin ƙofa. Ana ɗiga baƙi kaɗan a ruwa mai yawa, a tsoma burushi, a goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, sannan a taɓa sama da layi a ja sama a hankali. Sau ɗaya, in ya yi yawa sau biyu.

Na yi sau biyu. Na ɗora kunci na duba, babu komai. Na kira Maman Auta.

"Ya fito?"

Ta sunkuya ta duba. "Ya fito, Malam. Kamar na gaske."

"Ina?"

"Ga shi nan, saman layin. Ga ɗayan kuma."

Ita da ba ta san bambancin tarago da kan jirgi ba. Lallashina take yi. Tun da aka sa ranar nan kowa a gidan lallashina yake yi, ko shayi na zubar sai a ce kofin ne ba shi da kyau. Da ta fita na ƙara.

Alhamis

Na ƙara. Ruwan ne ya yi yawa, na rage shi.

Asabar, tsakar rana

Fentin nan ya lalace, ina jin ya daɗe. Na aiki Auta ta sayo sabo. Ta kawo, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon teburin.

"Baba, ba ka ganin ya isa haka?"

"Ke ma uwarki ta karanta miki?"

"Ba haka ba ne, Baba, ni dai gani na yi..."

"Me kika gani? Kin taɓa riƙe burushi?"

Ta ajiye kwalbar ta fita. Na ji su a kicin suna magana ƙasa-ƙasa, da na yi gyaran murya suka yi tsit. A gidana ake min haka.

Na yi da sabon, ban sa ruwa ba. Kamar na fara ganin wani abu, kamar kuma ban gani ba.

Litinin, bayan la'asar

Tela ya zo. Ya durƙusa, ya ɗora kunci, ya tashi nan da nan. Ya nemi kujera ya zauna yana goge tabarau da bakin riga.

Na ce, "Yaya?"

Ya ce, "Ya yi, Injiniya. Ajiye burushin nan haka."

"Ya yi, ko ya fito?"

"Na ce ya yi. Don Allah ka ajiye."

Ba tsokana yau, ba akuya, ba wando. Mutumin da ya saba kushe min komai ya zauna yana min magana kamar mai gaida mara lafiya. Na fi son ya zage ni. Da zai tafi na ji ya tsaya da Maman Auta a tsakar gida, na ji ta ce, "Ka bar shi kawai, saura kwana nawa."

Saura kwana nawa. To shi ya sa ba zan tafi in bar gada tsirara ba.

Laraba, ƙarfe sha ɗaya

Yau na gan shi! Na yi ta shafawa tun da hasken ya faɗo, na bi sama, na bi gefe don ya haɗu, na ɗora kunci, sai ga shi, duhu-duhu a saman layi, daidai yadda nake so. Na sa ɗan mutumina a jikin katanga. Na zauna a ƙasa na jingina da ƙafar tebur, zuciyata wasai.

Na kira Maman Auta na ce ta zo ta ga yadda ake aiki. Ta zo ta tsaya. Ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam." Muryarta wani iri, ta ce mura ce.

Gobe da sassafe za mu tafi. Ta haɗa min jaka. Bas ɗin na bar shi a inda yake, in na dawo da idona zan tsallakar da shi da kaina.

Lahadi, da rana

Matarsa ce ke rubutu, shi yake faɗa. Ya ce in rubuta an yi aikin, mun dawo gida, an naɗe idon. Ya ce in rubuta abincin asibiti ba gishiri. Ya ce shi ke nan.

Alhamis, da yamma

Har yanzu ni ce. An cire bandejin shekaranjiya. Ya ce in rubuta yana gane inda taga take. Na tambaye shi sai me kuma, ya ce in rubuta yana gane inda taga take.

Likita ya ce a ba shi lokaci. Ya ce kada in rubuta wannan, amma na rubuta.

Asabar, hantsi

Ya ce in rubuta daidai yadda ya faɗa, kada in gyara masa magana. Daga nan nasa ne.

Na ce ta kai ni ɗakin baya. Na san hanya, ƙafata ta san kowane tudu a simintin, amma na bar ta ta riƙe ni. Na lalubi bakin tebur, na bi titin kasuwa da yatsa, na wuce motocin ɗaya bayan ɗaya, na hau hawan, na taɓa kan ɗan mutumina. Sannan na gangara da yatsa jikin gadar don in gaisa da bulona.

Santsi. Na koma ɗaya gefen, santsi. Na bi ginshiƙi har ƙasa, na bi katanga, na sa farce na nema. Babu layi ko ɗaya. Duk bulon da na zana da bayan reza, hancina a kan kwali, fenti ya cike su ya shafe, har ya yi gudaji a wasu wuraren kamar tsohon kasko.

Na ce, "Wa ya taɓa min gada?"

Ta ce, "Babu wanda ya taɓa, Malam."

Na tsaya da yatsana a wurin. Ba sai an gaya min sauran ba, ni na riƙe burushin.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Tun ranar farko ya fito. Na gaya maka. Auta ta gaya maka, Tela ya roƙe ka."

Na ce me ya sa ba ta ƙwace burushin ba. Ta ce ta yi niyya ranar Laraba, ta shigo har tsakiyar ɗaki, sai ta tarar da ni a zaune a ƙasa ina murmushi, ta kasa.

Ban yi tsawa ba. Ina so a rubuta wannan, ban yi tsawa ba.

Litinin, ƙarfe goma na safe

Ni ce dai. Tela ya aiko cewa zai iya gwada wanke fentin, ko ya yanka sabon kwali ya zana bulon da kansa. Malam ya ce a gode masa, a ce a'a. Daga nan nasa ne.

Yau na sa ta yi abin da ba ta taɓa yi ba duk zamanmu. Na ce ta durƙusa ta ɗora kunci a bakin tebur. Ta ce gwiwarta, na ce tawa ma haka take ina yi. Ta durƙusa. Na lalubi makunni na kunna jirgi, na dafa katangar gadar da yatsa biyu. Na ji shi ya taso daga tasha, ya zagaya bayan kasuwa, ƙararsa ta canza da ya shiga ƙarƙashi, kwalin ya yi ɗan rawa a yatsuna, ya fita. Tsayin dai daidai ne, ko a wannan ban yi kuskure ba.

Na ce ta ɗauki bas ɗin ta tsallakar da shi. Ta ce ba ni na ce zan yi da kaina ba? Na ce mutumin ya jira ya isa. Na ji ƙarar ƴan tayoyinsa a kan samfefa har ya sauka ɗaya gefen.

Na ce, "To rufe ido ɗaya, ki gaya min abin da kike gani. Kada ki lallashe ni."

Na ji tana jan hanci, murar nan tata da ba ta warkewa.

Ta ce, "Baƙa ce, Malam. Baƙa ƙirin, daga sama har ƙasa. Ba a ganin bulo ko ɗaya. Sai farar rigar mutuminka kawai."

Na ce, "To, haka ni ma nake ganinta. Sai dai ni ban ga rigar ba."

Ya ce in rufe littafin haka.